Pusiga, Tushen Sarakuna

Wanda ya tashi daga Bawku ya yi gabas, ba da daɗewa ba zai iso Pusiga, kusa da iyakar Togo da ta Burkina Faso. Garin ba shi da girma, amma manyan sarautu daga nan suka fito.

Makaɗan Dagomba, su ne masu riƙe da labarin dā, sun ce wani maharbi mai suna Tohazie ya fito daga wajen Zamfara. Daga zuriyarsa aka sami Na Gbewa, wanda ya zauna a Pusiga ya yi mulki. Da ya tsufa, sai ɗansa Zirili ya kashe ɗan'uwansa domin sarauta. An ce da tsohon ya ji labari, baƙin ciki ya kama shi, har ƙasa ta buɗe ta haɗiye shi. Bayan wannan gidan ya watse. Tohagu ya kafa sarautar Mamprusi, Sitobu ya kafa ta Dagomba, wadda fadarta ke Yendi yau, ana kiranta Fadar Gbewa. Nanumba da Mosi ma daga wannan gida suke lissafin asalinsu.

Turawa kuma suka zo da nasu rabo. Bawku da Salaga suka faɗa hannun Ingilishi, Pusiga da Yendi hannun Jamus. Bayan yaƙin 1914 Ingilishi suka karɓe su, a 1956 kuwa jama'a suka yi ƙuri'a aka haɗe su da ƙasar da ta zama Gana a 1957.

To, me baƙo zai gani? Na fari, wurin da aka ce Na Gbewa ya nutse, an kewaye shi da katanga. Na biyu, makarantar horon malamai mai sunansa. Na uku, Kulungugu a bakin iyaka, inda aka jefa wa Kwame Nkrumah bom ran 1 ga Agusta 1962, ya ji rauni amma ya tsira. Tun 2012 Pusiga take da gundumarta.

Mu da muke zaune a zango cikin waɗannan kabilu, mun ga yadda rigimar sarauta ta ci rayuka a Yendi da Bawku. Saboda haka mu gaya wa 'ya'yanmu labarin tsohon nan, su san abin da faɗan 'yan'uwa yake jawo wa gida.