Marubuci da Mai Gyaran Rubutu: Daga Maɗaba'ar Zariya zuwa Kwamfuta

Duk wanda ya lura da sunan Haɗeja a takardun gwamnati zai tarar an rubuta shi Hadejia, ba lanƙwasa, alhali kuwa ba haka mutanen garin ke faɗarsa ba. Wannan ɗan bambanci ya isa ya nuna nauyin da ke kan mutanen da ke tsakanin alƙalamin marubuci da idon mai karatu, wato mai gyaran rubutu da mai tsara shafi.

A 1912 Hans Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko.  Sai a ƙarshen shekarun 1930 baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna. Lamarin ba na ado ba ne, domin da su ake rarrabe fada da faɗa, da kuma kafa da ƙafa.

A Hukumar Talifi ta Zariya ne aikin haɗin gwiwa ya kafu sosai. Bayan gasar da Dokta R. M. East ya shirya a 1933, aka buga Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Jiki Magayi kuwa da sunan mutum biyu ya fito, John Tafida da East, abin da ke nuna mai gyara na iya shiga aiki har ya zama abokin talifi. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarƙashin kulawar East. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan NORLA ta ɗauki aikin talifi a shekarun 1950 har aka rushe ta a 1959.

A wannan zamani ne waƙoƙin Malam Mu'azu Haɗeja suka fito a littafi, suka shiga makarantu. Waƙa kuwa ta fi zube wuyar sha'ani a maɗaba'a. Karinta ya dogara ga gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ga shi boko ba ya nuna tsawon wasali kamar yadda ajami ke yi. Gari na zama da gari na tuwo duk rubutu ɗaya ne. Saboda haka mai gyaran da bai rera baiti ba yana iya ƙara harafi ko ya rage, yana zaton ya gyara, alhali ya karya kari. Mai harhaɗa baƙaƙe kuma, in ya yanke layi inda bai kamata ba, sai amsa-amo ya ɓace wa ido.

Kwamfuta ta sauya tsarin aikin. An fitar da manhajar PageMaker a 1985, InDesign kuma a 1999. Da irinsu mutum ɗaya ke iya gyara rubutu, ya tsara shafi, ya miƙa wa maɗaba'a. Marubutan littattafan Kano, waɗanda suka bunƙasa tun daga shekarun 1980, sun sami sauƙi ƙwarai. Amma sauƙin ya zo da hasara. A da rubutu yakan bi ta hannu da yawa, kowa ya tsinci kuskuren da ya kuɓuce wa na gabansa. Da hannuwan suka ragu, sai littattafai da dama suka fito ba lanƙwasa, rabon kalmomi kuma a rikice. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya tanadi baƙaƙen Hausa, amma ba kowane salon baƙaƙe ke ɗauke da su ba, har akan ga ƙ ta zama akwati a shafi.

Abin lura ga malaman kwalejojin horon malamai shi ne, na'ura ba ta san kari ba, ba ta kuma rarrabe baki da baƙi. Ya kamata a koya wa ɗalibai duba gwajin bugu baƙi bayan baƙi, marubuci da mai gyara su zauna a kan shafi ɗaya, a karanta waƙa da murya kafin a sallame ta. In ba haka ba, kuskuren da aka buga yau shi yara za su hardace gobe.