Wuƙar Jawa Da Takardar Shaidarta

A shekara ta 2006 wani tsohon maƙeri ya rasu a yankin Moyudan, yamma da birnin Yogyakarta, a tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya. Sunansa Jeno Harumbrojo, an kuwa haife shi a 1929. Mutanen ƙasarsa suna ce masa empu, wato laƙabin da ake bai wa gwanin da ya ƙware wajen ƙera wuƙar gargajiya mai suna keris. Rasuwarsa ta taɓa mutane da yawa, gama yana cikin 'yan kaɗan da suka gaji sana'ar hannu da hannu daga iyaye, suka kuma san ƙarfen nan ciki da bai.

Bari mu fara da wuƙar kanta. Keris wuƙa ce mai kaifi biyu, wata miƙaƙƙiya, wata kuma mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Yawan lanƙwasar ba ya rabuwa biyu daidai: uku ne, ko biyar, ko bakwai, har zuwa goma sha uku ko fiye. Maƙeri yakan haɗa baƙin ƙarfe da wani ƙarfe mai haske da ke ɗauke da nikel, ya zuga wuta, ya buga, ya ninka, ya sake bugawa, sau da yawa. Daga wannan ninki ne zane yake fitowa a jikin wuƙar, shi ne ake kira pamor. A ƙarni na 18 an sami wani dutse da ya faɗo daga sama kusa da Prambanan, aka kai shi fadar Surakarta, aka riƙa gutsurarsa domin pamor na wuƙaƙen sarakai. In za a fito da zanen sosai, sai a wanke wuƙar da ruwan lemun tsami da wani sinadari mai guba da suke kira warangan. Baƙin ƙarfen ya ƙara baƙi, mai hasken kuma ya fito fili.

Sana'ar tsohuwa ce. A haikalin Sukuh, wanda aka gina a ƙarni na 15, akwai sassaƙar dutse da ke nuna maƙera da mai zuga. Daular Majapahit, wadda aka kafa a 1293, ta yi suna da gwanayen empu. A wurin Bajawe keris gādon gida ce. Ango yakan soka ta a bayan ɗamararsa ranar aure, a watan Sura kuma, farkon shekararsu, akan fito da wuƙaƙen gado a wanke. Mutane da yawa sun gaskata akwai iko a cikinsu, har sukan sa wa manyansu suna kamar mutum.

Amma a ƙarni na 20 sana'ar ta kusa mutuwa. Fadoji suka rasa ƙarfi da dukiya, yaƙi ya zo da mamayar Japan daga 1942 zuwa 1945, maƙera suka koma ƙera kayan noma. Mahaifin Jeno, Empu Supowinangun, yana cikin tsofaffin gwanaye na ƙarshe. A shekarun 1970 wani Bajamushe ma'aikacin jirgin ruwa, Dietrich Drescher, ya ƙarfafa 'ya'yan tsohon su sake hura wutar maƙerar gidansu. Jeno ya riƙe aikin har tsufansa, ya yi wa fadar Yogyakarta aiki, ya kuma horar da magajinsa, Sungkowo. Ya rayu har ya ga ranar da hukumar UNESCO ta sa keris cikin manyan al'adun 'yan adam, a watan Nuwamba na 2005.

To, daraja takan jawo kasuwa, kasuwa kuma takan jawo algus. Masu tara kayan tarihi a Jakarta, da Malesiya, da Turai, suna biyan kuɗi mai yawa domin tsohuwar wuƙa. A tsibirin Madura, musamman ƙauyen Aeng Tong-tong, akwai maƙera masu gwaninta da ke ƙera sababbi da gaskiya, ana kuwa kiran duk wadda aka yi bayan 1945 kamardikan, wato ta zamanin 'yanci. Ba laifi a sabuwar wuƙa. Laifin yana wurin ɗan kasuwar da yake jiƙa ta a ruwa mai cin ƙarfe har ta zaizaye, sa'an nan ya ce ta Majapahit ce. Saboda haka masu saye suka fara neman takardar shaida daga masana.

Me takardar take faɗa? Takan ambaci siffar wuƙar, wato dapur, da irin pamor nata, da yawan lanƙwasarta, da kuma tangguh, wato zamanin da ake zaton an ƙera ta: ko Pajajaran, ko Majapahit, ko Mataram. Masani yakan ɗaga ta ya ji nauyinta, ya dubi launin ƙarfen da laushinsa, ya lura da yadda aka sassaƙa gindinta. Sai dai mai karatu ya lura, tangguh kintace ne. Yawancin tsofaffin wuƙaƙe ba su da kwanan wata ko sunan maƙeri a jikinsu, maƙerin wani zamani kuma yana iya kwaikwayon salon wanda ya riga shi da shekaru ɗari biyu. Masana biyu masu gaskiya suna iya duban wuƙa ɗaya su saɓa.

Ga misali sananne. Yarima Diponegoro ya yaƙi Turawan Holan daga 1825 zuwa 1830, aka kama shi a Magelang. Wuƙarsa mai suna Kiai Naga Siluman ta faɗa hannun wani kanar mai suna Cleerens, shi kuwa ya miƙa ta ga Sarki Willem na Ɗaya a 1831. Daga baya aka rasa wacce ce ita a cikin tarin kayan gidan tarihi na Leiden. Masu bincike suka bi tsofaffin wasiƙu, har da bayanin da mai zanen nan Raden Saleh ya rubuta, suka nuna wata wuƙa. A watan Maris na 2020 Holan ta mayar da ita Indonesiya. Nan da nan gardama ta tashi. Waɗansu masana keris suka ce siffarta ta Naga Sasra ce, ba ta dace da sunan ba. Waɗansu suka amsa cewa sunan da mai wuƙa ya raɗa mata dabam, sunan siffarta dabam. Gwamnatoci biyu sun amince, duk da haka bakin mutane bai mutu ba.

In haka ya faru da wuƙar yarima wadda take da wasiƙu a bayanta, ina ga wadda aka saya a bakin kasuwa? Ashe takarda ba ta fi idon wanda ya sa mata hannu ba, ba ta kuma fi gaskiyarsa ba. Idon kuwa ba a samunsa sai a gaban wuta. Wanda ya shekara talatin yana ninka ƙarfe ya san yadda zanen gaske yake kwanciya, ya san bambancin tsatsar shekaru da cin ruwan guba. Shi ya sa mutuwar mutum irin Empu Jeno ta zama asara har ga wanda bai taɓa sayen wuƙarsa ba, gama an rasa ɗaya daga cikin ma'aunan da ake gwada maganar 'yan kasuwa da su.

A 2017 aka buɗe gidan tarihin keris a birnin Surakarta, inda matasa suke iya duban wuƙaƙe iri iri su gwada wannan da waccan. A Moyudan kuma magajin tsohon ya ci gaba da hura wuta. Mai saye da ke da hankali zai karɓi takarda, amma zai fara tambaya: wane ne ya rubuta ta, a hannun wa ya koya, yana da riba a cinikin ko babu? Masanin da ya cancanci a dogara da shi shi ne wanda in ya rubuta zamanin wuƙa, yakan faɗa a fili cewa zato ne, ko da faɗar haka za ta rage mata kuɗi.