Tarihin Maganin Furojestaron da Tasirinsa ga Lafiyar Mata a Ƙasar Bungudu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wani magani da ya zama ruwan dare a asibitoci da shagunan magani na Bungudu da Gusau da Tsafe, watau furojestaron da danginsa. Abin da muke so mu nuna shi ne, ko da yake sunan ɗaya ne, magungunan iri-iri ne, kuma kusan kowannensu sai da aka daɗe ana ba mata shi kafin a gama sanin amfaninsa da illarsa.

2.0 Asalin Maganin

Furojestaron sinadari ne da jikin mace ke samarwa bayan fitar ƙwai, don ya shirya mahaifa ta karɓi ciki. Idan ba a sami ciki ba sai ya ragu, haila ta zo. A shekarar 1934 masana a Jamus da Suwizalan da Amurka suka tace shi, amma tsadarsa ta hana ya yaɗu. Sai da Russell Marker ya gano hanyar sarrafa shi daga wata doyar daji ta ƙasar Meziko, aka kafa kamfanin Syntex a 1944, sannan ya yi araha. Ya kamata a lura cewa a ɗakin bincike ake wannan sarrafawa. Jikin ɗan Adam ba ya iya mayar da doya furojestaron, komai yawan abin da aka ci ko aka shafa.

A 1951 masanan kamfanin nan suka ƙirƙiro noretistaron, wanda yake kwaikwayon na jiki ne, amma ya fi shi ƙarfi idan an sha. Daga nan magungunan suka rabu gida biyu: mai kama da na jiki sak, da kuma na kwaikwayo.

3.0 Hanyoyi Uku da Ya Iso Mana

Ta farko ita ce tazarar haihuwa. Hausawa sun san tazara tun kafin zuwan allura, domin shayarwar kusan shekara biyu da ƙyamar rurrutsa tsofaffin al'adu ne. Allurar Depo-Provera, wadda ake yi duk wata uku, ta zo da nata tarihin. Hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da ita a 1978, alhali ana amfani da ita a ƙasashe da dama, ba ta amince ba sai a 1992. Zimbabuwe ta hana ta a 1981 saboda ƙorafin cewa an riƙa yi wa baƙaƙen mata ita a zamanin mulkin Turawa ba da cikakkiyar yardarsu ba. A 2004 aka ƙara mata gargaɗin cewa tana rage ƙarfin ƙashi, ko da yake yawanci yakan dawo bayan an daina. Allurar tana da inganci ƙwarai, amma takan rikita haila ko ta ɗauke ta, kuma samun ciki kan yi jinkirin watanni bayan an bar ta.

Ta biyu ita ce jinkirta haila. Ƙwayar Primolut N, wadda noretistaron ce, sananniya ce wurin mata masu niyyar aikin Hajji da masu son cika azumin Ramalana. Ƙa'idarta ita ce a fara sha kwana uku kafin lokacin da ake sa ran jini. Haɗarinta shi ne daskarewar jini a jijiya, musamman ga mai ƙiba ko wadda ta taɓa samun wannan ciwo, kuma doguwar tafiya a zaune tana ƙara shi.

Ta uku ita ce riƙe ciki. An yi shekaru ana ba masu yawan ɓari wannan magani bisa kyakkyawan zato kawai. Binciken PROMISE na 2015 bai sami amfaninsa ga masu yawan ɓari da ba su ga jini ba. Binciken PRISM na 2019, wanda ya ƙunshi mata fiye da 4,000 a Birtaniya, ya nuna amfanin ya fi bayyana ga wadda ta ga jini a farkon ciki kuma ta taɓa yin ɓari. Haka kuma allurar Makena, wadda Amurka ta amince da ita a 2011 don hana haihuwar bakwaini, an janye ta a 2023 bayan da aka kasa tabbatar da amfaninta.

4.0 Matsalar Amana

Ba za mu fahimci yadda jama'armu ke kallon waɗannan magunguna ba sai mun tuna da gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996, da kuma dakatar da rigakafin shan inna da Kano da Zamfara da Kaduna suka yi a 2003 bisa zargin an sa masa abin hana haihuwa. Zargin bai tabbata ba, amma ya bar tabo. Bugu da ƙari, jinin mace a wurinmu ya shafi salla da azumi da idda. Matar da allura ta sa take ganin ɗigon jini har ya wuce kwana 15, iyakar haila a mazhabar Malikiyya, tana buƙatar amsar likita da ta malami a lokaci guda. In ba a faɗa mata tun farko cewa haka na iya faruwa ba, sai ta bar maganin, ta kuma gargaɗi maƙwabtanta.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa maganin yakan riga bayaninsa isowa. Saboda haka muna ba da shawara uku. A daina sayar da shi a kemis ba da takardar likita ba. A koya wa ma'aikatan lafiya da ungozomomi bambancin ire-irensa cikin harshen Hausa. Sannan likitoci da malaman fiƙihu su zauna su fitar da bayani ɗaya game da jinin da magani ya jawo, don kada a bar mace da zaɓi tsakanin lafiyarta da ibadarta.