Laftof Ɗaya, Sirrin Mutum Miliyan 26

Jama'a, masu cewa "ai na sa wa kwamfutata kalmar sirri", ku zo ku ji wani tarihi.

A watan Mayun 2006 ɓarayi suka fasa gidan wani ma'aikacin hukumar kula da tsofaffin sojojin Amurka a jihar Maryland, suka yi gaba da laftof da faifan ajiya. A ciki akwai sunaye, ranakun haihuwa da lambobin shaida na mutum miliyan 26.5, kuma ba a kulle bayanan ba. An gano kayan a ƙarshen Yuni, amma duk da haka sai da hukumar ta amince da biyan diyyar dala miliyan 20 a 2009. Tun a watan Yunin 2006 ɗin gwamnatin Amurka ta umarci ma'aikatunta su riƙa kulle bayanan da ke kan laftof.

To ga kishiyar labarin. A 2008 'yan sandan Brazil suka ƙwace faifan ajiyar wani mai banki, Daniel Dantas, wanda aka kulle da manhajar TrueCrypt. Ƙwararrunsu suka gaza, aka miƙa wa FBI, su ma suka shekara suna fama, ko ɗaya bai buɗu ba.

Ina bambancin? Kalmar sirrin shiga Windows ƙofar zaure kawai take tsarewa. Ɓarawo zai zare faifan, ya jona a wata kwamfutar, ya karanta komai. Kulle faifai gaba ɗaya kuwa yana dagula kowane rubutu da hoto, in babu mabuɗi shirme kawai za a gani.

Yau abin a sauƙaƙe yake: BitLocker ya zo da Windows Vista, FileVault 2 ya shigo Mac a 2011, masu Linux suna da LUKS. Ka fara kwafe muhimman kayanka a wani wuri, ka jona caji, sannan ka kunna.

Amma fa a kula: BitLocker zai ba ka mabuɗin ko-ta-kwana mai lambobi 48. Ka rubuta shi a takarda, ka adana nesa da kwamfutar. In ya ɓace kuma kwamfutar ta nema, mai gyara ba shi da dabarar da zai yi maka. Sannan in za ka yi tafiya, ka kashe ta gaba ɗaya, don kwamfutar da aka fizge a buɗe, kullenta bai da amfani.

Ku duba naku yau, ku tura wa wanda ke yawo da takardun ofis a jaka.