Jam: Yadda ake adana 'ya'yan itace da sukari, daga tuffar Ingila zuwa inabin Kudan

Jam 'ya'yan itace ne da aka dafa da sukari har suka yi kauri, ana shafa shi a burodi ko a zuba a kunu da nono. Jeli ɗan'uwansa ne, sai dai shi ruwan 'ya'yan itacen kaɗai ake dafawa bayan an tace shi da ƙyalle. A ƙauyukan Ingila an fi sanin wanda ake haɗawa da tuffa da blakberi, wasu baƙaƙen 'ya'yan ƙaya da ke nuna a bakin gonaki wajen watan Agusta da Satumba. Blakberi ba ya cikin itatuwan ƙasar Hausa, tuffar da ake sayarwa a bakin titin Zariya kuma akasarinta daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita. Amma dabarar da ta haɗa su a tukunya ɗaya tana aiki a kan abin da ake nomawa a arewacin Jihar Kaduna.

Abin da ke sa ya kama

Abu uku ne ke sa jam ya daskare: fektin, da tsami, da sukari. Fektin wani sinadari ne mai danƙo da ke cikin ɓawo da ƙwallon 'ya'yan itace, wanda masanin Faransa Henri Braconnot ya ware ya sa masa suna a 1825. Yana da yawa a tuffa, da gwaba, da farin ɓawon lemo, da zoɓo, yana kuma raguwa yayin da ɗan itace ke ƙara nuna. Nunannen blakberi yana da launi da ƙamshi amma fektinsa kaɗan ne, tuffa kuwa tana da shi har ya yi saura. Dalilin haɗa su ke nan.

Tsami ne ke ba fektin damar haɗuwa ya zama kamar raga, sukari kuma ya janye ruwa, ya bar ƙwayoyin cuta da fumfuna babu abin sha. Ƙa'idar Codex ta 2009, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar, ta ce sukari da sauran abin da ya narke a jam su kai kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari ko fiye, 'ya'yan itace kuma kada su gaza kashi 45 a yawancin nau'o'i. Wanda ya rage sukari don tsimi ya rage wa kayansa kwanaki.

Abin da yankin ke da shi

Ƙaramar Hukumar Kudan, mai hedikwata a Hunkuyi, ta yi suna a 'yan shekarun nan da noman inabi. Inabi ba ya jure jira: da an tsinke shi sai a fara lissafin kwanaki, wanda ya fashe ko ya yi ƙanana kuwa dillali ba ya saye da daraja. Irin wannan, muddin bai ruɓe ba, shi ne kayan jam. Matsayinsa a tukunya irin na blakberi ne, ga zaƙi ga launi amma ba ya kamawa sosai shi kaɗai. Gwabar da ba ta gama nuna ba, ko ɓawon lemo, su ne za su tsaya a madadin tuffa.

Makarfi kuwa garin rake ne. Tun kafin sukarin kanti ya wadata, mutanen yankin ke matse rake su dafa ruwansa ya zama mazarƙwaila, a wasu wuraren har da doki ke juya injin matsar. Wannan ma adana amfanin gona ne ta hanyar ƙone ruwa a bar zaƙi, kamar yadda ake dafa ɗinya a yi maɗi da alewa. Saboda haka sana'ar ba baƙuwa ba ce, kwalbar ce kawai sabuwa. Ana iya yin jam da mazarƙwaila, sai dai yana yin duhu, ɗanɗanonta kuma yana danne na inabi. Ta fi dacewa da tsamiya da ɗinya. Abin lura shi ne, mai son jam mai haske a Makarfi sai ya sayi farin sukari wanda mafi yawan ɗanyensa daga Barazil Najeriya ke shigo da shi, duk da shirin bunƙasa sukari na ƙasa da aka amince da shi tun 2012.

Yadda ake yi

Ga kilo ɗaya na inabi ana buƙatar sukari kimanin giram 750, da ruwan lemun tsami biyu. A wanke inabin, a murƙushe, a ɗora a wuta tare da yankakkiyar gwaba ko ɓawo da ƙwallon tuffa da aka ƙulle a farin ƙyalle. Idan ya yi laushi sai a cire ƙullin, a tace 'ya'yan da rariya, sannan a zuba sukari a juya a wuta kaɗan har ya narke. Daga nan a ƙara wuta ya tafasa sosai. Zuba sukari tun ɓawon bai yi laushi ba yana sa shi tauri. Tukunya mai faɗi ta fi, kuma samira wadda ba ta ɓantale ba ta fi ta baƙin ƙarfe, domin tsami yana cin ƙarfe ya ɓata launi.

Littattafan girki na Turai kan ce a sauke a digiri 105. Wannan lissafin bakin teku ne. Ƙasar Zazzau tana sama da teku da fiye da mita 600, ruwa yana tafasa a kusan digiri 98, don haka jam kan kama tun wajen digiri 102. Wanda ba shi da ma'aunin zafi sai ya ɗora faranti a kan ruwan randa ya yi sanyi, ya ɗiga jam kaɗan, ya jira minti ɗaya ya tura da yatsa. Idan samansa ya tattare, ya yi.

A tafasa kwalabe da murafunsu minti goma, a cika su da jam yana da zafi, a rufe, a sake tafasa su a ruwa minti goma. Rufaffiyar kwalba kan kai kusan shekara a wuri mai sanyi da duhu. Da an buɗe kuwa tana son firji, shi ya sa ƙananan kwalabe suka fi dacewa da gidan da wutar lantarki ba ta zama.

Darasin Ikara

Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa masana'antar sarrafa tumatir a Ikara a 1981. Ta shafe shekaru a rufe, aka farfaɗo da ita a 2014 da haɗin gwiwar wani kamfani mai zaman kansa, sai ga tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a 2016 har jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Babban inji yana buƙatar kaya masu yawa a kai a kai, da wuta, da jari. Tukunyar tsakar gida ba za ta maye gurbinsa ba, amma tana iya aiki da kwando ɗaya a ranar da aka tsinke shi.

Tumatir na da nasa hatsarin. Tsaminsa yana gab da iyakar 4.6 a ma'aunin pH, wadda a samanta ƙwayar botulinum mai kisa ke iya yin dafi a rufaffiyar kwalba, wani lokaci ba tare da wari ko canjin launi ba. Dole ne a ƙara ruwan lemun tsami ga duk tumatirin da za a rufe, a kuma zubar da kwalbar da murfinta ya kumbura ba tare da ɗanɗanawa ba.

Na ci a gida ba ya buƙatar izinin kowa. Wanda zai liƙa takarda ya kai kanti kuwa, doka ta wajabta masa rajista da hukumar NAFDAC, wadda ke duba wurin aiki ta gwada kayan kafin ta ba da lamba. A nan ne ƙungiyar mata ko ta manoma mai ɗakin girki ɗaya na haɗin gwiwa ta fi mutum ɗaya damar cika sharuɗɗan.