Sabon akwatin kifin ado: yadda ake tsallake da kifi makonni shida na farko

Akwatin gilashin da ake kiwon kifin ado a cikinsa, wanda a Faransanci ake kira aquarium, abu ne da ake gani a falon gidaje, ofisoshi da otal-otal na birane kamar Yawunde, Duala, Kwatano, Yamai da Njamena. Yawancin masu fara kiwon suna cin karo da matsala iri ɗaya. Za a sayo akwati, a cika shi da ruwa garau, a zuba kifi a ranar, kafin mako biyu sai a ga suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai akwatin yakan zargi mai shago da sayar masa da marasa lafiya. Sau da yawa kuwa kifin lafiyarsu lau aka kawo su, ruwan ne bai shirya karɓarsu ba.

Abin da ke faruwa a cikin sabon ruwa

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma suna ƙara wani. A kogi ko tafki ruwa mai yawa ne ke kwashe wannan dauɗa. A akwati mai lita hamsin babu inda za ta je. Amoniya guba ce, tana ƙone gaɓoɓin numfashi, kuma ba ta da launi, don haka ruwa zai iya kasancewa fes a ido alhali yana kashe kifi.

Masu kawar da wannan guba ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, kashi biyu. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya zuwa nitrit. Shi ma nitrit guba ne, domin yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Kashi na biyu, musamman Nitrospira, suna mayar da nitrit zuwa nitrat, wanda illarsa ba ta kai ta sauran biyun ba, kuma ana rage shi ta hanyar canjin ruwa.

Waɗannan ƙwayoyi suna zaune ne manne da soson matatar ruwa, da tsakuwar ƙasa, da jikin gilashi. A sabon akwati babu su da yawa, kuma ba sa saurin hayayyafa. Kafin su isa aikin ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. A wannan tsakanin amoniya ce ke fara hawa, ta sauka, nitrit ya biyo baya ya hau, shi ma ya sauka. Duk kifin da aka zuba a ranar farko a cikin waɗannan gubobi biyu zai zauna.

Girman akwati da wurin ajiye shi

Ƙaramin akwati ya fi babba wuyar riƙewa, saboda guba tana saurin taruwa a ruwa kaɗan, zafi ma yana saurin canjawa. Kwalbar nan mai zagaye da ake sayarwa da kifi ɗaya a ciki ba ta dace da kiwo ba. Mai farawa ya nemi abin da bai gaza lita hamsin ba. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 1000. Akwati mai santimita 60 da 30 da 30 yana ɗaukar lita 54.

Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan aka haɗa da gilashi da tsakuwa, wannan akwatin zai kai wajen kilo 70, saboda haka yana buƙatar teburi mai ƙarfi wanda bai karkace ba. A nisanta shi da tagar da rana ke shigowa, don hasken rana yana ɗumama ruwa yana kuma haifar da gansakuka. A wanke akwati da tsakuwa da ruwa zalla. Sabulu, omo da javel ba su da wuri a nan, kuma ya kamata a ware bokiti guda wanda ba a wanki da shi.

Wane ruwa za a zuba

Kamfanonin ruwa suna sa sinadarin kulorin a ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta. Wannan sinadari yana cutar da kifi, yana kuma kashe bakteriyar da ake son rainonta. Idan aka tara ruwan a buɗaɗɗen bokiti na kwana ɗaya zuwa biyu, kulorin yakan fice. Amma akwai nau'in da ake kira kuloramin, wanda ajiye ruwa ba ya kore shi. Abin da ya fi aminci shi ne maganin cire kulorin da ake sayarwa a shagunan kifi, a bi adadin da aka rubuta a jikin kwalbar.

A gidajen da ake ɗiga javel ko ƙwayar tsaftace ruwa a tanki ko randa, a sani cewa wannan ruwan ma mai kulorin ne. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, sai dai yakan fito da ƙarancin oksijin, don haka a bar shi ya kwana, in da hali a sa masa injin busa iska. Rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa taki tana iya ɗauke da nitrat ko amoniya tun daga tushe, ya kamata a gwada ta kafin a yi amfani da ita.

Yadda ake rainon bakteriya kafin a kawo kifi

Bayan an cika akwati, a kunna matata a bar ta tana aiki dare da rana. Kullum a jefa ɗan abincin kifi, gwargwadon abin da yatsu biyu za su tsinto. Yayin da yake ruɓewa zai ba da amoniyar da bakteriya za su ci su yawaita. A mako na farko ko na biyu ruwa yana iya yin fari kamar an ɗiga madara. Wannan ba abin tsoro ba ne, yakan washe da kansa cikin ƴan kwanaki.

Ana gane an kai gaci da kayan gwajin ruwa, na ɗigawa ko na takarda. Idan amoniya ta nuna sifili, nitrit ma sifili, nitrat kuma ya fara bayyana, to ruwa ya nuna. A canza kusan rabinsa sannan a kawo kifi. Wanda bai samu kayan gwaji ba ya cika mako shida cif kafin ya zuba komai.

Akwai hanyar rage jira. Idan aka samu wanda akwatinsa ya daɗe kuma kifinsa lafiya suke, a roƙi ɗan yankin soson matatarsa, a kawo shi a jiƙe cikin ruwan akwatin, a sa a sabuwar matata ba tare da ɓata lokaci ba. Tamkar yadda ake ɗiga tsohon nono a sabuwar madara ne don ta kama.

Kifin da ya dace da mai farawa

Gupi, fulati da moli, waɗanda asalinsu daga nahiyar Amurka ne, suna da juriya kuma suna jin daɗin ruwa mai ɗumi. Haka ma ɗan ƙaramin kifin nan mai zane-zane da ake kira daniyo, na kudancin Asiya. Akwai kuma na gida: kiribensis, wanda sunansa na kimiyya Pelvicachromis pulcher, asalinsa kogunan kudancin Najeriya ne da gaɓar Kamaru, kuma masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka sun daɗe da saninsa. Namiji da mace guda sun ishi akwati mai lita tamanin, sai dai yakan yi faɗa idan yana gadin ƴaƴansa.

Jan kifin nan na Sin, wanda Faransawa ke kira poisson rouge, shi ne aka fi saya kuma shi aka fi wahalarwa. Ya fi son ruwa mai sanyi, yana yawan kashi, kuma yana iya wuce santimita 20. Ƴaƴan tarwaɗa da karfasa da ake kamowa daga kogi su ma ba na ƙaramin akwati ba ne, cikin ƴan watanni za su cika shi, tarwaɗa kuma tana haɗiye duk kifin da ya shiga bakinta.

A shago a tsaya a kalli kifin da kyau. A guji akwatin da ke da mataccen kifi, ko mai fararen ɗigo a jiki, ko wanda ya naɗe fika-fikansa ya maƙale a lungu. A fara da guda huɗu ko biyar, a jira mako biyu kafin a ƙara wasu, domin bakteriya su samu damar yawaita daidai da sabon nauyin.

Idan an iso gida, a ɗora ledar a kan ruwan akwati a rufe na minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita. Daga nan a buɗe, a riƙa zuba ruwan akwati kaɗan-kaɗan a cikin ledar na wasu mintuna, sannan a kwashe kifin da ƴar raga. Ruwan shago a zubar da shi waje.

Abinci da canjin ruwa

Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin ado. Sau ɗaya ko biyu a rana ya isa, abin da za su cinye cikin minti biyu. A gidan da ke da yara a ɗora wa mutum ɗaya alhakin ciyarwa, a kuma ɓoye gwangwanin abincin. Burodi, tuwo da biskit ɓata ruwa kawai suke yi. Lafiyayyen babban kifi yana iya kwana biyu ko uku bai ci ba, babu abin da zai same shi.

Kowane mako a cire kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a zuƙo shi da tiyo daga ƙasa don ya tafi da dauɗar da ke cikin tsakuwa, a maye shi da wanda aka cire wa kulorin kuma zafinsa ya yi daidai da na akwatin. Babban kuskure shi ne a kwashe kifi, a zubar da ruwa duka, a goge komai tas. Mai yin haka ya mayar da akwatinsa ranar farko. Idan soson matata ya toshe, a matse shi a cikin ruwan da aka cire daga akwatin, kada a kai shi bakin famfo. Nitrat kuma a yi ƙoƙari ya zauna ƙasa da miligiram 40 a lita.

Zafi, ɗauke wuta da maganin sauro

Yawancin kifin ado na ƙasashe masu zafi sun fi son digiri 24 zuwa 27. A Garwa, Marwa, Njamena da Yamai zafin watan Afrilu yana wuce digiri 40, ruwan cikin ɗaki ma yana iya haura 30. Ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin sosai: lita ɗaya tana ɗaukar kimanin miligiram 9 a digiri 20, amma wajen 7.5 kawai a digiri 30, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Gubar amoniya ma tana ƙaruwa da zafi. A irin wannan lokaci a ɗaga murfi, a kashe fitilar akwati, a juya fanka ta riƙa busa saman ruwa. Idan abin ya tsananta a sa gorar ƙanƙara a rufe ta yi iyo a ciki, amma kada a saukar da zafin farat ɗaya. Da hunturu kuwa, a rufe akwati saboda ƙura, a kuma duba ma'aunin zafi da asuba.

Idan aka ɗauke wuta matata takan tsaya, bakteriyar cikinta kuma suna buƙatar ruwa mai motsi da oksijin. Ƙaramin injin iska mai batir yana ceton akwati. In babu shi, a riƙa ɗebo ruwan da kofi ana zubo shi daga sama lokaci-lokaci, a kuma dakatar da abinci har wuta ta dawo.

Maganin sauro na fesawa da na kunnawa yawanci suna ɗauke da sinadaran da ke da matuƙar guba ga kifi. Kafin a yi feshi a kashe injin iska, a lulluɓe akwati da zane ko leda, kada a buɗe sai ɗaki ya sha iska. Wanda ya shafa mai, turare ko maganin sauro a hannu ya ɗauraye shi sosai kafin ya tsoma a ruwa.

Alamomin matsala da matakin farko

Kifin da ke taruwa a saman ruwa yana haki, ko ya daina cin abinci, ko gaɓoɓin numfashinsa suka yi ja, galibi ruwa ne ke damunsa. Kafin a nemi magani a canza kashi 30 zuwa 50 na ruwan, a rage abinci, a maimaita kullum har gwaji ya nuna sifili. Wannan shi ne kuma abin da wanda ya riga ya zuba kifi a sabon akwati zai yi har makonnin su cika. Gishiri zalla, giram ɗaya a lita, yana rage illar nitrit.

Fararen ɗigo kamar ƙwayar gishiri a jiki da fika-fikai alamar wata ƙwayar cuta ce mai suna Ichthyophthirius. Magani ba ya kama ta sai a lokacin da ta bar jikin kifi tana yawo a ruwa, shi ya sa ake ci gaba da ba da shi na wasu kwanaki bayan ɗigon ya ɓace. Zagwanyewar bakin fika-fikai kuwa kusan kullum tana biyo bayan ƙazamin ruwa ne. Kada a zuba maganin mutane a akwati da ka, don wasunsu suna kashe bakteriyar matata. Duk sabon kifi, in da hali, a keɓe shi a wani mazubi na mako biyu zuwa huɗu. Wanda ya mutu a cire shi nan take.

Mai kiwon shi ma ya kula da kansa. Kada a tsoma hannu mai rauni a ruwan akwati, a wanke hannu bayan aiki, a kuma cire filogin wuta kafin a taɓa ruwa. Idan kifi sun yi yawa ko an gaji da su, a ba wani ko a mayar shago. Sakin baƙon kifi irin gupi a rafi ko tafki yana cutar da kifin gida da masunta suka dogara da su.