Zaɓen 1958: wa ya juya wa Sawaba baya?

Mai karatu, in akwai tsoho a garinku, tambaye shi labarin raƙumi da giwa. Raƙumi shi ne alamar jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari. Giwa kuwa alamar RDA ce ta Jori Hamani. Mutanen nan biyu ƴan'uwa ne, garinsu ɗaya, Sudure, kusa da Yamai. Da farko tare suke cikin jam'iyya guda, daga baya suka raba hanya.

A watan Maris na 1957 aka yi zaɓe. Ɓangaren Jibo ya samu kujera 41 cikin 60, ya zama shugaban gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Su wa suka ba shi wannan rinjaye? Akwai talakawan birni: direbobi, leburori, ƴan tireda, masu sana'ar hannu. Akwai manoman gyaɗa na wajen Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Akwai kuma sarakuna da yawa, waɗanda suka haɗa kai da shi tun 1956.

Wannan haɗin bai yi kama da na jini ba. Talaka ya bi Sawaba don a rage masa zalunci. Sarki ya bi Sawaba don ya ga nan mulki ya nufa. Tafiya ɗaya, amma kowa da guzurinsa. Da gwamnatin Jibo ta fara tuɓe waɗansu sarakuna, sauran suka shafa kansu, suka ji ko rawani yana nan.

Sai ga 1958. Janar Dugol ya hau mulki a Faransa, ya ce kowace ƙasa ta zaɓa: "I", ta zauna tare da Faransa, ko "A'a", ta kama gabanta nan take, ba tallafi. Jibo ya ce "A'a", kamar Seku Ture na Gine. Faransa ba ta so haka ba. Ta aiko sabon gwamna mai suna Kolombani. Kumandoji suka shiga ƙasa, aka ga sojoji cikin ƙauyuka. Aka nuna wa sarakuna cewa wanda ya naɗa, shi ne mai tuɓewa. Cikin ƴan makonni, manya irin su Isufu Saidu Jarmakwai suka fita daga Sawaba, suka koma "I".

Ran 28 ga Satumba aka jefa ƙuri'a. "I" ta samu 78 cikin 100. Wanda ya ji wannan lissafi zai ce duk ƙasa ta juya cikin shekara ɗaya da rabi. Amma ka saurari wani lissafin, don shi ba a cika faɗinsa ba: cikin mutum 100 da aka rubuta sunansu, waɗanda suka fito zaɓe ba su kai 40 ba. Sauran suna gida ko suna gona, ga shi lokacin kaka ne.

To, ka sa kanka a matsayin manomi na wannan rana. Zuciyarka tana wajen raƙumi. Amma sarki ya aiko dogari ya ce "I". Shi ke karɓar lanho, shi ke shari'ar iyakar gonarka, gobe ma shi za ka gani, ba Jibo ba. Me za ka yi? Wani ya jefa abin da aka ce masa. Wani ya ɗauki laujensa ya yi daji tun da asuba. A ganina ba za a ce waɗannan sun ci amana ba. Na sama ne suka sake sheƙa, kuma su ma ba ƙaunar Faransa ce ta kama su dare ɗaya ba. Tsoron rawani ne.

Abin da ya biyo baya ya yi sauri. Jibo ya sauka a watan Oktoba. Ran 18 ga Disamba Jori ya zama shugaban gwamnati. A 1959 aka hana Sawaba, Jibo ya bar ƙasa. Waɗanda suka ƙi juyawa sun sha wuya: kurkuku, kora daga aiki, gudun hijira zuwa Kano da Gana. A 1964 ƴan Sawaba suka shigo da makamai, aka murƙushe su, aka kashe da dama.

Jori ya yi mulki har ran 15 ga Afrilu 1974, lokacin fari da yunwa, sojoji suka kifar da shi ƙarƙashin Saini Kunce. Da yawa daga masu yi masa tafi jiya suka tafa wa soja. Jibo ya dawo gida a shekarar nan, a 1975 shi ma aka tsare shi. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, yana tsoho, ƴaƴa da jikokin mutanensa duk sun shiga sababbin jam'iyyu. Bai samu ko 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai a 1998.